Me zan ci don kada ƙarfina ya ƙare a wurin motsa jiki?

Ɗan'uwa, ka ce da ka fara gudu sai jiri ya ɗebe ka, da rana kuma kasala ta rufe ka. Ina zargin da cikinka wayam kake fita.

Minti 30 zuwa 60 kafin ka fara, ci ayaba ɗaya. Matsakaiciyar ayaba tana da kalori (ma'aunin kuzarin da ke cikin abinci) kusan 100, yawancinsa sukari da sitaci ne da jiki ke ƙonawa nan da nan. Dabino biyu ko uku ma sun wadatar. Gyaɗa kuwa ka ajiye ta tukuna, mai gare ta, tana daɗewa a ciki, sai ka ji ta tsaya maka a ƙirji kana tsalle.

Bayan ka gama, tsoka furotin take nema, wato sinadarin gina jiki. Dafaffen ƙwai ɗaya yana da giram 6 na furotin, ka haɗa da yogot marar sukari.

Kasalar rana fa, lemon kwalba yaudara ce: ya ɗaga ka, can anjima ya yar da kai. Nan ne gyaɗar take da amfani, cikin tafin hannu ɗaya da tuffa. Ka riƙa kurɓar ruwa kuma, don ƙishirwa kan zo da kamannin gajiya.