Tsohuwar gidanku da abokin karatunka: amsar Baffa

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso, na kuma karanta wa innarka, ta ce in gaishe ka da sanyin Manchesta.

Ka ce tsohuwar da kake haya a gidanta 'yar Sin ce, abokin karatunka ma ɗan Sin ne, amma da ka haɗa su don ya yi maka tafinta sai suka ɓuge da Turanci, kowa fuska ba yabo ba fallasa. Ka gaishe ta da "ni hao" ta amsa a daƙile. Ga sabuwar shekararsu ta ƙarato, ba ka san abin da ya kamace ka ba.

To, ba gaba suke yi ba, jin juna ne ba sa yi. Ita Kantonis take yi, harshen Hongkong da lardin Guangdong a kudancin Sin, shi Mandarin, harshen hukuma na ƙasar, wanda "ni hao" gaisuwarsa ce. Kada ka ɗauka irin Kananci da Sakkwatanci ne, da za a yi wa juna dariya amma a gama ciniki lafiya. Wanda bai zauna ya koyi na ɗan'uwansa ba, ko kusa ba zai gane ba. Karin sautin Mandarin huɗu ne, na Kantonis shida. Rubutu ne ya fi haɗa su, shi ma a 1956 gwamnatin Beijing ta fara sauƙaƙa haruffa, su kuwa Hongkong da Makau da Taiwan suka riƙe tsohon. Ka duba allunan shagunan titin Faulkner, a unguwar 'yan Sin ta nan Manchesta, za ka ga iri biyun.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, harshen da ɗan Sin yake yi a ƙasar waje yakan gaya maka lokacin da gidansu ya fito da kuma hanyar da ya biyo. Na farkon fita mutanen kudu ne, na bakin teku, musamman lardin Guangdong. Su ne suka bi zinaren Kalifoniya da aka gano a 1848, su suka fasa duwatsu a aikin layin dogon da ya ratsa Amurka aka gama a 1869, da yawansu daga yankin Taishan. A 1882 Amurka ta kafa dokar hana ma'aikatan Sin shigowa, ba a soke ta ba sai 1943, don haka unguwanninsu suka daɗe a rufe da harshen kudu. A Ingila kuwa, babban ayarin ya zo ne a shekarun 1950 da 1960, manoman ƙauyukan Hongkong waɗanda shinkafar waje mai araha ta karya musu noma. Suka zo suka buɗe shagunan abincin tafi-da-gidanka, miji a bakin wuta, mata a kanta, yara suna aikin makaranta a bayan labule. Ina kyautata zaton tsohuwarku daga cikinsu take, kuma gidan nan da kake kwana a ciki da gumin tsayuwar dare aka saye shi. Wasunsu ma harshen Hakka suke yi a gida, Kantonis a kasuwa.

Masu Mandarin daga baya suka yawaita, bayan da jagoran Sin Deng Xiaoping ya buɗe ƙasar a 1978: ɗalibai, ma'aikata, masu jari. Sai tsofaffin suka wayi gari ana shigowa shagonsu ana yi musu magana da harshen da ba su tashi da shi ba, wani ma har da mamakin wai ɗan Sin bai iya Sinanci ba. Jikokinsu kuma a makarantar ƙarshen mako Mandarin ake ƙara karkata a koya musu, don shi ne na neman aiki. Ka ga dole abin ya yi ciwo.

Ga kuma siyasa a kai. Ingila ta miƙa Hongkong ga Sin a 1997, aka yi zanga-zangar 2019, aka kafa dokar tsaro a 2020, daga Janairun 2021 Ingila ta buɗe wa mutanen Hongkong wata sabuwar biza, suka taho da yawa. Cikinsu akwai wanda in ka ce masa ɗan Sin zai gyara maka, ya ce shi ɗan Hongkong ne. Nan babu ruwanka. Ka kira kowa da abin da ya kira kansa, kada ka tsoma baki, ko da abokinka ya ja ka da hira.

Ni a Guangzhou, babban birnin lardin Guangdong, na ga abin da idona, lokacin da nake zuwa sarin kaya. A shagunan unguwar Xiaobei yawancin masu sayarwa baƙi ne daga wasu lardunan, Mandarin suke yi, mu da su kuwa na'urar lissafi ce tafintarmu, ya danna ya miƙo, ka goge ka danna naka. Amma ka leƙa gidan shayi da sassafe, tsofaffin gari da jaridunsu, Kantonis zalla. A 2010 har kan titi suka fita da aka kawo shawarar rage shi a talabijin ɗin garin.

Yanzu batun ladabi. Da safe ka ce mata "jou san". In ta yi maka wata hidima, "m goi". In kyauta ta ba ka, "do je". Bakinka ba zai daidaita ba, za ta yi dariya, kuma dariyar ce ake nema. "Ni hao" da "shie-shie" ka bar wa abokinka.

Ranar sabuwar shekara ka ce "kung hei fat choi". Wataƙila ta miƙo maka jan ambulan da kuɗi a ciki, "lai si" a bakinsu, "hongbao" a bakin masu Mandarin. Masu aure ne ke bai wa yara da marasa aure, saboda haka kai karɓa ce taka, kada ka ce za ka rama. Hannu biyu za ka sa, kada ka buɗe a gabanta. A wurin mutanen Kantonis kuɗin ba ya da yawa, har maigadi da mai shara suna ba wa, fatan alheri ne kawai. A ganina kyauta ce ta maƙwabtaka, ka karɓa. Inda ake kunna turare ana rusuna wa hoton kakanni ne za ka ja gefe cikin mutunci. In za ka kai mata wani abu, ka kai lemo, takwas ya yi, ban da huɗu, domin sunan huɗu ya yi kama da na mutuwa a harsunan biyu. Ban da agogo, ban da farin ƙunshi. Maganar bashi ko kuɗin haya kuma ka bari sai bikin ya wuce.

In ta gayyace ka shan shayi, wato "yam ca", ka fara zuba wa manya kafin kanka. Wanda ya zuba maka, ka ɗan ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, godiya ke nan. Buta in ta ƙare, a ɗage murfin a bar shi a karkace, ma'aikaci zai gane ya ƙaro ruwa.

Sai ka kula da cikinka. Ƙananan abincin da ake kawowa cikin kwandunan gora yawanci akwai naman alade, har wanda aka ce na jatan lande ne, wasu kayan fulawar ma da kitsensa ake yi. Ka gaya mata tun a gida cewa kai Musulmi ne, kada sai an jera kwanuka ka ba ta kunya. In kwaɗayin abincinsu ya kama ka, ka nemi masu taliyar naman sa irin ta Lanzhou. A Guangzhou galibinsu Musulmi ne 'yan ƙabilar Hui, can muke ci hankali kwance, amma a nan inda kake ka tambaya tukuna kafin ka zauna.

Baffanka.