Digiri ta intanet: a tsaya a bincika kafin a tura kuɗi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da atamfa a kasuwar Kejetia da ke Kumasi, shekarata 29, 'ya'yana biyu. Tun da na gama sakandare ban ci gaba ba. Na ga talla a Facebook, wata jami'ar waje ta ce za ta ba ni digiri cikin shekara ɗaya ta waya, in tura kuɗin rajista ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya. In biya? Daga 'yar'uwarku a Aboabo.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Wallahi na ji daɗin wannan niyya taki, Allah ya cika miki buri. Amma kada ki tura ko sisi tukuna.

Karatu daga gida ba ƙarya ba ne. Tun da korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, jami'o'inmu suka rungumi koyarwa ta intanet, kuma ba su daina ba. Sai dai inda aka ga kasuwa ta buɗe, nan 'yan damfara ke baza kolinsu. Mai takardar WASSCE, wato ta kammala sakandare, shekara huɗu yake yi kafin ya samu digirin farko, to ina aka samo na shekara ɗaya? Sannan jami'ar kirki ba ta karɓar kuɗi ta lambar wayar wani mutum. A banki ake sayen fom, ko ta hanyar da ita kanta ta sanar a shafinta.

Hukumar da za ki tambaya ita ce GTEC, wadda aka kafa a 2020 don kula da manyan makarantun Ghana. Ki duba ko ta amince da makarantar, ki kuma duba kwas ɗin kansa, domin takan amince da makaranta alhali wani kwas a cikinta bai samu izini ba. Takardar waje ma ita ke tantance ta. Na san wani yaro a unguwarmu da ya sa takardar irin wannan makaranta a firam, ya rataye a ɗakin mahaifiyarsa, ranar neman aiki aka mayar masa da ita. Har yau abin na ci mini rai, don kuɗin adashin uwar ne suka tafi.

Ga jami'ar KNUST nan kusa da ke, tana da cibiyar karatu daga nesa. Jami'ar Cape Coast da Jami'ar Ghana da ke Legon ma suna da cibiyoyi a Kumasi. Tunda kin wuce shekara 25, akwai ƙofar manya, inda ake rubuta jarrabawar shiga. Abu ɗaya za ki shirya masa: yawanci akan haɗa darasin intanet da zuwa aji a ƙarshen mako, jarrabawa kuma sai kin je da ƙafarki. Kin fi ni sanin yadda Asabar take a Kejetia, don haka ki nemi mai riƙe miki shago tun kafin ki sayi fom.

Tambaya: Ɗana ya samu gurbin irin wannan karatu. Wayarsa ta isa, ko sai na saya masa kwamfuta? Daga wani uba a Asawase.

Amsa: Baba, waya ta isa sauraron lacca, amma rubutun aiki mai shafi goma da babban yatsa wahala ce. Ku saya masa laftof, ba dole sabuwa ba. Ku je PZ a Adum, inda ake sayar da wayoyi da kwamfutoci, tare da wanda ya san kan abin, ku nemi mai RAM (ƙwaƙwalwar aiki) gigabait 8 da SSD (ma'ajiyar bayanai mai sauri). A nan cikin shagon ku sa a zare caja, ku zauna rabin awa kuna kallon yadda batir ke sauka, saboda ranar da aka ɗauke wuta ana tsakiyar darasi, shi ne zai riƙe yaron. Ku karɓi rasit mai ɗauke da kwanakin garanti. Layin data kuwa, MTN ne ko Telecel, ya gwada a cikin ɗakin da zai riƙa karatu kafin ku zuba masa kuɗin wata.