Matasan Ma'aikatana Ba Sa Zama, Dattawan Kuma Na Ƙorafi: Ina Mafita?

Tambaya: Ina da maɗaba'a a Kaduna mai ma'aikata 18. Dattawan da ke kan injin sun daɗe tare da ni, amma matasan da ke zane a kwamfuta ba sa shekara sai su ajiye aiki. Kullum suna kan waya, ba sa son faɗa, kuma dattawan na cewa ba su da ladabi. Yaya zan sa su riƙe aikin da muhimmanci?

Amsa: Malam, kafin a kai ga maganar waya da ladabi, yana da kyau ka tambayi kanka abin da matashin nan yake hangowa idan ya zauna tare da kai shekara biyar. Dattawan da ke kan injinka sun taso ne a zamanin da haƙuri yake da lada sananne. Yaron shago a Kantin Kwari ya san cewa idan ya yi wa ubangidansa hidima da amana, wata rana za a sallame shi da jari, a yi masa aure, a kama masa rumfa. Ma'aikacin gwamnati kuma ya san cewa bayan shekara 35 yana aiki, ko idan ya cika shekara 60 da haihuwa, akwai fansho da giratuti. Saboda wannan alkawari ne suka jure tsawa da ƙaramin albashi ba tare da sun ɗaga kai ba. Matashin da ka ɗauka bara ba a yi masa ko ɗaya daga cikin alkawuran nan ba, amma ana son ya yi haƙuri irin na waɗanda aka yi wa, kuma a ganina nan ne tushen matsalarka.

Sai kuma batun kuɗi, wanda masu gida da yawa ba sa son a taɓo. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a wurare da dama. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa naira 70,000 a watan Yulin 2024. Gaskiya ne cewa dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, amma matashi da wannan adadi yake auna abin da kake ba shi, ba da abin da ka biya Baba mai injin shekaru goma da suka wuce ba. Wanda ya iya CorelDraw, manhajar zane a kwamfuta, yana iya zana katin biki ko fastar ɗan siyasa a ɗakinsa, a turo masa kuɗi ta waya kafin la'asar. Wannan waya da kake gani a hannunsa, sau da yawa ita ce shagonsa na biyu, kuma da ita kake gasa.

Saboda haka abin da ya kamata ka fara yi shi ne ka mayar da alkawarin a rubuce, ka kuma matso da shi kusa. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta tanadi a bai wa ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki kafin ya wuce wata uku da farawa, da hutun aƙalla kwana shida na aiki da albashinsa bayan ya cika wata 12. Dokar fansho ta 2014 kuma ta shafi kamfanin da ke da ma'aikata 15 zuwa sama, inda mai gida ke zuba kashi 10 cikin 100 na albashin ma'aikaci, shi kuma ma'aikacin kashi 8, wato ta shafe ka. Bayan waɗannan, ka rubuta masa matakai ƙarara: idan ya ƙware wajen raba launi da shirya farantin da ake ɗora wa injin bugawa ba tare da an ɓata takarda ba, ga abin da zai ƙaru a albashinsa bayan wata shida, idan ya samo mai kawo aiki da kansa, ga kasonsa. Kalmar "za mu duba" ba ta riƙe matashi, domin ya ji ta daga bakuna da yawa.

Game da faɗa, ba na goyon bayan a bar kuskure ya wuce don gudun ɓacin rai. Idan yaro ya tura aiki kan injin da kuskuren suna, aka buga kalanda dubu kafin a lura, dole ya san asarar da ya jawo. Amma ka kira shi ofis, ka ajiye takardar a gabansa, ka nuna masa harafin da ya sauya da kuɗin takarda da tawadar da suka tafi, sannan ku tsayar da dokar cewa ba abin da zai hau injin sai wanda ya kawo aikin ya ga samfuri ya amince. Tsawa a gaban masu kawo aiki da sauran ma'aikata ba ta koya masa komai sai neman hanyar fita. Yabo kuwa, shi ne ya dace a yi a bainar jama'a, kuma a ambaci ainihin abin da aka yi daidai.

Dattawan ma suna da hakki a kanka, kuma ƙorafinsu ba na banza ba ne. Idan Baba ya ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, a kan injin bugawa na Kord yana da gaskiya, domin da kunne yake gane cewa takarda za ta maƙale, da ido yake sanin ruwa ya yi wa tawada yawa. Sai dai wani ɓangare na fushinsa tsoro ne, ganin cewa aikin yana komawa kwamfuta, inda sa'an ɗansa ya fi shi sani. Ka raba girma da ikon yanke hukunci: gaisuwa, da kiran Baba ko Malam, da ba da wurin zama, wajibi ne a kan kowane matashi, kuma kai ne za ka fara nuna misali. Amma shawarar zane tana hannun mai zane, kuma bai kamata a mayar da wanda ka ɗauka don ƙwarewarsa ɗan aiken sayo goro ba. Ka riƙa sa kowane sabon mai zane ya yi mako biyu a gefen injin, domin wanda ya ga yadda launin da ke haske a allo yake dushewa a takarda ba zai ƙara raina mai bugawa ba.

Dokar waya ta zama gajera kuma ta hau kan kowa, har da dattijon da ke sauraron saƙonnin murya na WhatsApp injin na gudu. Duk da haka wasu za su tafi, musamman waɗanda suka fi ƙwarewa. Idan ɗaya ya zo yi maka sallama, ka biya shi hakkinsa cif, ka ba shi takardar shaida, ka kuma tanadi lambarsa, domin a lokacin zaɓe ko gab da sallah, idan aiki ya fi ƙarfin mutanenka, shi za ka fara tura wa zane ka biya shi a kan kowane aiki.