Kura: Daga Karofi Zuwa Shinkafa, a Hannun Wa Kuɗin Ke Tsayawa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ni haifaffen Kaduna ne, amma mahaifinmu mutumin Kura ne ta Jihar Kano. Kakanmu, Allah ya jiƙansa, ya sha gaya mana cewa a zamaninsu da rini aka san garin, har Buzaye ke zuwa daga Agadas sayen rawani. Ni kuwa tun da na yi wayo, shinkafa kawai nake jin ana danganta Kura da ita. Yaya aka yi wannan sauyi ya zo? Kuma me ya sa duk da ruwan da ke gudu rani da damina, 'yan'uwanmu na can kullum cikin kukan babu suke? Dalilin tambayata, an raba mana gado, eka biyu ta faɗo mini a cikin filin noman rani. Ina ta shawara da zuciyata, ko in noma da kaina ko in bayar haya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan kaka, ya sa albarka a abin da aka bar muku. Maganarsa gaskiya ce, kuma shaidarta na nan a bakin mutane har gobe. Idan ka ji an ce "ɗan Kura" a wurin masu sayar da kayan sarauta, rawani ake nufi, baƙi wuluk mai ƙyalli, wanda in rana ta doke shi sai ka ga yana ɗaukar ido kamar an shafa masa mai.

Ina so ka tsaya ka dubi hannaye nawa rawanin nan ke bi kafin ya hau kan mutum, domin amsar tambayarka ta biyu a nan take kwance. Manomi ya shuka auduga, wani ya shuka baba, tsiron da ake samun shuni daga gare shi. Mata a cikin gida su gurje audugar, su yi shiɓa, su kaɗa zare siriri. Masaƙi ya saƙa shi ƙyalle-ƙyalle, kowane faɗinsa bai wuce na yatsa ba, maɗinki ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya haɗe. Daga nan sai karofi: ramuka masu zurfi da aka shafe da laso, an haɗa baba da ruwan toka an bar su sun nuna. A tsoma, a ɗaga ya sha iska, a sake tsomawa, har sai shuɗin ya koma baƙi. Sannan a kai mabuga. Na taɓa zama a rumfar masu bugu a Kura, kuma wanda bai gani ba ba zai gane nauyin aikin ba. Mutum biyu ke zaune suna fuskantar juna, gungumen ice a tsakaninsu, kowa da tabaryarsa gajera mai kauri. Ana barbaɗa garin shuni, ana shafa ɗan kitse, wannan ya sauke, wancan ya ɗaga, sautin na tafiya tamkar kiɗa. Hannayensu shuɗi ne har gwiwar hannu, ƙirjinsu ma haka. Shunin nan da ake bugawa a jikin yadin shi ke zuba a fatar Buzu idan ya naɗa, kuma shi ne abin da yake biyan kuɗi dominsa.

Duk waɗannan matakai a Kura da ƙauyukanta ake yin su. Abin da ke fita daga garin gamammen kaya ne, ninkakke, an naɗe shi a takarda. Fatake su ɗauka, ribar kowane mataki kuwa ta riga ta zauna a gidan wani a garin.

Kasuwar kuma ba ƙarama ba ce. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar nan da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851. Ya ƙiyasta cewa rinannun tufafin da ake kai wa Tambutu kaɗai sun kai kayan raƙuma 300 a shekara. Sunan Kano ne ke tafiya da kayan, amma marigayi Philip Shea, wanda ya koyar da tarihi a Jami'ar Bayero kuma ya yi bincike mai zurfi a kan rini, ya nuna cewa kaso mai yawa na aikin a garuruwan kudu da birni ake yin sa, Kura na sahun gaba. Saboda haka ka cire tunanin cewa kakanninka manoma ne masu noma abin da za su ci kawai. Tun kafin zuwan Nasara garinku yana aiki ne don kasuwar da ke nesa da shi tafiyar watanni.

Faɗuwar rini ba rana ɗaya ta zo ba. Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, yadin Ingila ya cika kasuwa da araha, gyaɗa kuma ta janye hankalin manoma tunda ita ce ke kawo kuɗin biyan haraji. Jamusawa sun riga sun fara sayar da shunin kanti tun 1897, sannu a hankali ya ture noman baba. Marina da yawa a ƙasar Kano sun mutu a lokacin, amma Kura ta daɗe tana numfashi, saboda Buzu ba ya karɓar madadin ɗan Kura. Abin da ya karya mata ƙafa shi ne farin 1973 da na 1984, da suka hallaka dabbobin mutanen Azbin. Mai sayen ne ya talauce. Har yau akwai gidajen da ke riƙe da sana'ar, sarakuna da Buzaye na saye, sai dai ba ita ke ciyar da garin ba.

Lokacin da farin ke cin arewa, ruwa kuma yana tahowa Kura ta wata hanya. Gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, bayan an fara gwajin noman rani a Kadawa, kusa da Kura. Ruwan da Tiga ke iya riƙewa ya kusa kubik mita biliyan biyu, kuma alherinsa shi ne gangarowa yake yi da kansa ta babbar magudana zuwa ƙanana, ba a buƙatar inji ko mai. An tsara shayar da hekta 22,000 a yankin da yau ya zama ƙananan hukumomin Kura, Bunkure da Garun Malam, ko da yake ba a kammala duka ba. Daga baya aikin ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976. An karɓi gonakin mutane, aka sare itatuwa, aka baje ƙasa da katafila, aka mayar wa kowa nasa bayan an rage wani kaso na magudanai da hanyoyi. Dattawa har yanzu suna ambaton ɗorawa da kukoki da suka tafi a wannan sharar. Eka biyun da ka gada daga wannan rabo ta fito.

Alkama ce aka gina aikin dominta, don a rage shigo da ta burodi daga waje. A nan ne na fi ganin kuskuren masu tsari. Alkama sanyi take so. In ba a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba ba, zafin ƙarshen Fabrairu da Maris zai riske ta tana fitar da kai, ƙwayar ta motse. Manomi kuwa a Nuwamba dawarsa na tsaye a gona, ba zai sare abincin iyalinsa don alkamar da bai san farashinta ba. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, farashi ya tashi, kowa ya ruga. A farkon shekarun 1990 aka ɗage hanin, kamfanonin fulawa suka koma wa ta waje, aka bar manomi da buhuna a ɗaki.

Tumatir ya biyo baya, kuma shi ya fi kowane amfani nuna rashin ƙarfin manomi. Ka je kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan a watan Fabrairu ka gani. Kwanduna jere iya ganinka, manyan motoci na lodin Legas, dillali na yawo yana taya kaya. Manomin da ya tsinko jiya da yamma ba shi da bakin cewa albarka, domin gobe kayan ruwa za su zama. Wanda ya ƙi sallamawa sai ya yanka ya shanya a ƙasa ya yi kauɗa. An sa rai da masana'antar tumatirin gwangwani ta Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016, mai iya niƙa tan 1,200 a rana. Shekarar ce kuma tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, masana'antar ta tsaya, kuma tun daga nan aikinta a tashi a faɗi yake. Idan tumatir ya yi tsada a kasuwa manomi ba zai kai mata ba, idan ya yi araha kuma 'yan makonni ne kawai.

To me ya sa shinkafa ta zauna da gindinta? Domin ita kaɗai ce a cikin ukun nan ta dawo da tsarin da rini ya bari. Ba ta ruɓewa, kuma ana iya gama aikinta a cikin gari. Shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, ta fito daga gona, mata su saya ko su karɓa aikatau. Su jiƙa ta ta kwana, da asuba su hura wuta a ƙarƙashin rabin duro, su turara ta har ƙwayar ta fara tsagewa, su baza a kan tamfol suna juyawa da ƙafa, yara na korar kaji da awaki. In ta bushe a kai inji a cashe, a cire tsakuwa, a auna a buhu. Mai itace ya ci, mai amalanke ya ci, mai inji da ɗan dako da mai ɗinkin buhu duk sun ci. Ɓuntun ma ba ya faɗuwa ƙasa banza. Na san matan da da wannan turarar suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki, suka biya kuɗin makaranta, ba su taɓa taka gona ba. Manoma daga Jigawa, Taraba da wasu jihohi kan ga shinkafarsu ta biyo ta Kura kafin ta isa tukunya, kamar yadda a da ake kawo farin yadi daga wasu garuruwa a rina a nan.

Siyasa ta taimaka na wani lokaci. A 2015 Babban Bankin Najeriya ya daina bai wa masu shigo da shinkafa dala, aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a Nuwamban shekarar, aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Injinan casa suka yawaita, kuɗin hayar gona ya ninka.

Yanzu ga kukan 'yan'uwanka, kuma kada ka ɗauke shi raki. Bayan cire tallafin mai da sakin naira a 2023, taki, maganin feshi, kuɗin tarakta da na ƙwadago duk sun yi sama. A 2024 gwamnati ta yafe harajin shigo da wasu hatsi na wani wa'adi, har da shinkafa, farashin shanshera ya sauko, na taki bai biyo shi ba. Wanda ya yi noma da bashi dole ya sayar ranar da ya yi girbi, lokacin da kaya suka fi araha, mai kuɗi ya saya ya ajiye. Ga gona tana ƙanƙancewa duk rabon gado. Ga kachala na toshe magudanai, jan-baki na sauka a kan shinkafa in ta fara nuna, tsargiya da zazzaɓin cizon sauro sun zauna tare da ruwan. An yi gyaran magudanai ƙarƙashin shirin TRIMING na Bankin Duniya mai inganta noman rani, ya kuma rage wahala, sai dai yashe su aikin kowace shekara ne. Akwai kuma wani haƙƙi da ba na son mu manta: ruwan da aka tare a Tiga, da na madatsar Challawa da aka gama a 1992, shi ne da yake malala a fadamun Hadeja da Nguru, inda masunta da makiyaya da manoman can ke rayuwa a kansa.

Game da eka biyunka, ga abin da nake gani. Kafin komai, ka je da ƙafarka ka ga inda take a jikin magudana. Gonar da ke kusa da bakin ruwa da wadda ke can wutsiya ba darajarsu ɗaya ba, ko da faɗinsu ɗaya ne, domin na wutsiya sai na sama sun ƙoshi yake samu, wani lokacin da tsakar dare. Ka tambayi maƙwabtan gonar ko ruwa na kwanciya a cikinta, ko gishiri ya fara fitowa fari-fari a bayan ƙasa. Ka san shugaban ƙungiyar masu amfani da ruwa ta sashenku, ka tabbata babu bashin kuɗin ruwa a kanta.

Noma daga Kaduna ta waya ba na ba ka shawararsa. Shinkafa tana son ido kullum, daga dashe har kora tsuntsu. In ba za ka tare ba, ka bayar haya ta shekara ɗaya ɗaya, a rubuce, gaban mai unguwa da shaidu, kuma ka guji jingina, don gonaki da yawa ta wannan ƙofar suka bar gidajensu. Kuɗin hayar kuma, in da hali, kada ka kawo su Kaduna. Ka sayi shanshera da kaka, ka samu ɗaki mai bushewa ka ɗora ta a kan katako, ka nemi wata gwaggonka ko innarka da ta iya turara ku yi yarjejeniya a kan kowane buhu. Ka fara da kaɗan, ka riƙa auna abin da ya shiga inji da abin da ya fito. Buhun shanshera mai kilo 100, in an turara da kyau an busar daidai, ya kamata ya ba ka kilo 60 zuwa 65 na tsaba. In ka ga ya gaza haka sosai, ka duba shanyar tukuna kafin ka zargi mai inji.