Hodar da ke raba ruwa da hasken rana: gaskiya ce ko damfara?

Tambaya: Malam, ina sayar da kayan sola a Agege. Wani kwastoma ya nuna mini bidiyon wata hoda da ake zubawa a ruwa a ajiye a rana, sai iskar haidurojin ta riƙa fitowa, wai har girki ake yi da ita. Yana so in samo masa. Da gaske ne?

Amsa: Ɗan'uwa, akwai ƙamshin gaskiya, sai dai mai bidiyon ya yi ƙarin gishiri.

Ruwa haɗin haidurojin ne da oksijin, kuma kafin su rabu sai an sa musu ƙarfin lantarki na aƙalla bolt 1.23. A 1972 wasu masana biyu 'yan Japan, Akira Fujishima da Kenichi Honda, suka nuna cewa haske zai iya taimakawa a wannan aiki idan ya sauka a kan titaniyam dayoksaid, sinadarin nan da ke sa farin fenti ya yi fari fat. Haske na bugunsa sai ƙwayar lantarki ta tashi daga mazauninta ta bar gurbi. Ita ce ke fitar da haidurojin, gurbin kuma ya zaro oksijin daga ruwan.

To ina gizo ke saƙar? Titaniyam dayoksaid ba ya karɓar hasken da ido ke gani, sai ɓangaren ultrabayolet, wanda bai wuce kashi 5 cikin 100 na hasken rana ba. Shi ya sa masana suka koma kan hematayit, ɗan gidan su tsatsar da ke cin kwanon rufi a Legas. Ga arha, ga shi yana shan haske sosai. Amma yana da mugun hali: gurbin nan ba ya tafiyar da ta wuce nanomita 2 zuwa 4 kafin ƙwayar lantarkin ta koma cikinsa, aikin ya tashi a banza. Nanomita kuwa shi ne ka raba mita ɗaya gida biliyan. Dalilin da ya sa ake ƙera waɗannan sinadarai sirara ƙwarai ke nan, wasu shimfiɗa, wasu tsinke-tsinke, domin duk inda haske ya faɗa ruwa na dab da wurin. A ganina nan ne hikimar take, ba a tsadar sinadarin ba.

Sai maganar riba. A 2021 tawagar Kazunari Domen a Japan ta shimfiɗa faranti mai faɗin murabba'in mita 100, kuma mafi yawan abin da ya koma haidurojin daga ƙarfin ranar bai kai kashi 1 cikin 100 ba, ya tsaya a 0.76. Farantan sola da ke shagonka kuwa suna mayar da kusan kashi 20 na ƙarfin rana zuwa lantarki. Ka ga bokiti ɗaya a tsakar gida ko shayi ba zai tafasa maka ba.

Akwai kuma haɗari. Iskokin biyu a gauraye suke fitowa, tartsatsi kaɗan ya isa su fashe. Su Domen ma sai da suka haɗa na'urar tace su. Kada ka yarda kowa ya tara wannan a cikin jarka a ɗakin haya.

Inda haidurojin ke da kasuwa yau shi ne masana'antu, kamar kamfanin takin Dangote da ke Lekki, inda ake ciro ta daga iskar gas a haɗa amoniya da yuriya. Irin wannan buƙata binciken ke hange. Kwastomanka dai ka sayar masa da faranti da batiri, hodar a bar wa masu ɗakin gwaji tukuna.