Ga 'yar uwar da ta yi tambaya kan ciwon zuciya da hidimar gida a Ingila

Wa'alaikumus salam 'yar uwa, sannu da jiki, Allah ya ƙara afuwa. Kin ce wata uku bayan haihuwa likitoci sun gaya miki zuciyarki ta yi rauni, maigida yana aikin dare, ga kai yara makaranta, ga cefane, ga hawa bene, kuma ba ki da kowa a kusa. Kina tambaya ko akwai wadda ta taɓa shiga wannan hali. Ni ce ɗaya. Shekara tara ke nan da aka gaya mini irin wannan magana a nan Manchesta, bayan na haifi autana, kuma ga ni ina raye ina hidimata, alhamdulillahi.

Abin da ya fi cutar da ni a shekarar farko dauriya ce. A gida idan mace ta haihu akwai uwa, akwai ƙanne, akwai yaron maƙwabta da za a aika. Nan kuwa ke ce mai jego, ke ce 'yar aike. Sai na riƙa ɓoye ciwon don kada a ce na cika raki. Wata ranar sanyi na sauko daga bas da ledoji huɗu, har da galan ɗin mai da shinkafa kilo 5. Tsakanin tasha da ƙofarmu bai fi tafiyar minti 5 ba, amma sai da na tsaya sau uku ina riƙe da katangar mutane, numfashi yana sarƙewa, hannun leda ya yanke mini yatsu. Daren nan a zaune na kwana da filo uku, washegari aka kwantar da ni. Nas ɗin ciwon zuciya ta ce mini ƙarfin da nake da shi a rana ƙididdigagge ne, in na ƙarar da shi da safe babu inda zan ranto wani. Tun daga ranar nake kasafta shi kamar kuɗin cefane.

Yanzu fita ɗaya nake yi a rana, ba na haɗa kasuwa da asibiti. Kaya masu nauyi, shinkafa, mai, ruwa, garin wanki, ta intanet nake saya a Asda ko Tesco a kawo har ƙofa. Shagon halal da na kayan Afirka kuwa Asabar muke zuwa da maigida, shi ke ɗauka. Na sayi jakar nan mai taya da tsofaffin Turawa suke ja, da farko kunyarta nake ji, yau ba na fita sai da ita. Abin da zan buƙata da rana nakan sauko da shi gaba ɗaya da safe don kada in yi ta hawa da sauka. A kicin ina da doguwar kujera, a zaune nake yanka albasa, a zaune nake tuƙa tuwo.

Idan an ba ki maganin fitsari, furosemide, ki san halinsa. Cikin awa ɗaya yake fara aiki, kuma yakan kai awa 6 yana sa ki zagayawa. Na sha wahala a hanyar makaranta kafin na gaya wa nas, ita ta yarda in sha bayan na dawo daga kai yara. Ki tambaya, kada ki canja lokaci ko ki tsallake da kanki.

Ki sayi sikeli ki ajiye a banɗaki. Kullum da safe bayan kin yi fitsari, kafin karin kumallo, ki hau ki rubuta. Idan nauyi ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3, ko takalmi ya fara matse ki, ko kin ƙara filo don ki iya barci, ruwa ne yake taruwa, ki kira nas ko likitanki na GP a ranar. Idan sun tashi daga aiki akwai lambar waya 111 ta neman shawarar lafiya. Amma ciwon ƙirji mai danna ki, ko numfashi ya gagara kina zaune, ko suma, wannan lambar gaggawa 999 ce kai tsaye, kada ki jira maigida ya dawo, kada ki ce za ki tuƙa kanki. Babban ɗana yana shekara 7 na koya masa kiran lambar da faɗin adireshinmu. Jerin magungunana na manne a jikin firji, wani kuma yana cikin jakata.

Maganar abinci ita ta fi yi mini wuya. Gishirin da babba zai ci a rana bai kamata ya wuce giram 6 ba, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma mu namu yana ɓoye ne a cikin dunƙule, yaji, kilishi da busasshen kifi. Kanwa ma a wajen zuciya gishiri ce, don haka idan an aiko miki da garin kunun kanwa daga gida saboda jego, ki yi godiya ki ajiye. Ni daddawa, citta, tafarnuwa da masoro na ƙara, na rage dunƙule a hankali har harshe ya saba. Kada ki sayi gishirin nan da ake tallarsa a matsayin mai sauƙi, irin LoSalt, sinadarin fotasiyam ne a ciki, ba ya shiri da magungunan zuciya irin ramipril da spironolactone. Ibuprofen da diclofenac ma ki bar su, suna riƙe ruwa a jiki. Duk wani jiƙo ko sassaƙe da za a aiko, ki nuna wa mai kantin magani tukuna.

Kuɗin magani: kina da takardar masu jego, kyauta ne har jariri ya cika wata 12. Bayan nan a Ingila ciwon zuciya ba ya cikin waɗanda aka yafe wa biya, kuma kowane magani ɗaya kuɗinsa daban. Mai shan kala biyar kamar ni, katin biyan shekara na hukumar lafiya ta NHS ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, fam 114.50 na biya da na sabunta nawa. Kantunan magani da yawa suna kawowa gida. Allurar mura kyauta ce gare ki duk kaka. Idan tafiya tana gagararki ki nemi Blue Badge a ƙaramar hukumarku don ajiye mota kusa da ƙofa, ba kowa ake ba ba, amma ki nema. Ki roƙi a tura ki ajin motsa jiki na masu ciwon zuciya, a can na daina tsoron bugun ƙirjina. In Turancin likita yana yi miki sauri, ki ce a samo miki tafinta, ba a biya.

Akwai abu biyu da mata ba mu cika faɗa ba. Na farko ciki. Wasu magungunan nan suna illa ga ɗan tayi, kuma sabon ciki kan zuciyar da ba ta murmure ba haɗari ne babba. Ku je wurin likitan zuciya tare da maigida ya ji da kunnensa. Na biyu azumi. Shekarun da Ramadan ya faɗo a bazara, ana kai awa 18 a nan, likita ya hana ni, na tambayi malami ya ce in ciyar. Na yi kuka, amma na bi. Da zuciyar ta ƙara ƙarfi kuma ranaku suka gajarta, aka gyara mini lokutan magani na koma yi.

Don Allah ki gaya wa mutane. Ranar da na cire kunya na faɗa wa makarantar yara da matan da muke haɗuwa a masallaci, wata 'yar Somaliya da ke bayan layinmu ta ɗauki kai yarana duk ranar da na tashi ba daɗi, ta yi shekara biyu tana yi. Ki faɗa mini garin da kike, in kusa ne zan zo da kaina, in nesa ne mu nemo wadda za ta riƙa leƙa ki.