Barakuda na bin bayana a cikin ruwa, farautata yake yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a Jidda, kuma na fara koyon nutso da tukunyar iska a Bahar Maliya. A fitarmu ta baya wani dogon kifi mai haƙora a waje ya biyo ni, duk inda na juya yana nan, yana buɗe baki yana rufewa. Mai koyar da mu ya ce barakuda ne, kada in damu. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Shin yana kai wa mutum hari? Kuma wane kifi ne ya kamata in fi jin tsoro?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Mai koyar da ku ya faɗa maka gaskiya, ya dai taƙaita ne. Kifin nan ba farautarka yake yi ba, kallonka yake yi.

Ban ga laifinka ba da ka tsorata. Babban barakuda yakan kai tsawon mita ɗaya da rabi, wani ma ya zarta, jikinsa siriri mai ƙyalli kamar azurfa, muƙamuƙin ƙasa ya fi na sama fitowa, haƙora jeri biyu. Wanda ya san tsage na kogunanmu zai gane irin bakin da nake nufi. Ga shi kuma ba ya ratsewa kamar sauran kifaye. Sai ya tsaya cik a tsakiyar ruwa, ko motsin kirki ba ya yi, ya kafa maka ido ɗaya. Buɗe bakin nan da rufewa da ya tayar maka da hankali kuwa numfashi ne kawai. Tunda a tsaye yake, dole ya riƙa zuƙar ruwa ta baki domin ya samu iskar da ke cikinsa.

Me ya sa ya bi ka? Barakuda da ido yake farauta, kuma ya saba bin manyan halittun teku don ya samu rabo: ko ragowar abin da suka ci, ko ƙananan kifin da suka firgita suka fito daga maɓoya. A wurinsa kai ma wata babbar dabba ce mai tafiya a hankali, mai yiwuwa a samu wani abu a bayanta. Haka kuma yana son inuwa, shi ya sa sau da yawa za ka tarar da shi a ƙarƙashin jirgin ruwanku, daidai wurin tsanin da za ka hau. Manya sukan yi zaman kaɗaici. Akwai kuma wasu nau'o'in da ke tafiya ɗaruruwa, suna kewayawa kamar guguwa, kuma masu nutso kuɗi suke biya su je su gani, a tsibirin Sipadan na Maleshiya. Ana samun su kuma a Sanganeb da Sha'ab Rumi da ke kusa da Fot Sudan. Mutum yakan shiga tsakiyarsu ya fito ko ƙwarzane babu.

Yana cizo? Yana yi, amma da wuya, kuma kusan kullum da dalili. Idan ruwa ya gurɓace ba a gani sosai, ƙyallin agogo ko zobe ko sarƙa yakan yi masa kama da ƙaramin kifi da ya juya ciki. Yana da gudun da ya haura kilomita 40 a awa idan ya zabura, don haka kafin ya gane kuskurensa aikin gama ya gama. Sara ɗaya yake yi ya wuce, ba ya dawowa, amma saran yakan yanke jijiya ya kai mutum ga ɗinki. Waɗanda suka fi shan wannan su ne masu harbin kifi da mashi a cikin ruwa. Mutum ya soki kifi, kifin na mutsu-mutsu yana zubar da jini, shi kuma ya rataye shi a ƙugu. Ai ya yi gayya. Ba shi barakuda yake nema ba, abin da ke ƙugunsa yake so, hannu ko cinya kuma suka shiga tsakani. Saboda haka ka bar kayan ƙyalli a jirgi, kada ka ba kifi abinci da hannu, kada kuma ka bi shi ko ka tare masa hanya don ɗaukar hoto.

Na san kifin shak ne ke ranka a tambaya ta biyu. Cibiyar da ke tattara bayanan cizon shak a jami'ar Fulorida ta Amurka ta ƙirga cizo 69 a duk duniya a 2023 waɗanda ba mutum ne ya tsokano ba, 10 daga ciki suka yi ajali, kuma akasarin waɗanda abin ya shafa masu iyo ne da masu wasa a kan igiyar ruwa, wato mutanen da ke saman ruwa suna fantsama. A Bahar Maliya an yi irin wannan a Sharm al-Shaikh ta Masar a Disamban 2010, inda aka raunata wasu masu yawon buɗe ido, wata Bajamushiya ta rasu. Su ma a sama suke. Mai nutso a ƙasa yake, shak na ganinsa sarai, ga ƙarar kumfar da yake fitarwa. In ka gamu da shi ka fuskance shi, ka matso kusa da abokin nutsonka, ka ja da baya a hankali zuwa jikin murjani, wato duwatsun nan masu rassa da ke ƙarƙashin teku.

Idan ka tambayi waɗanda suka daɗe a wannan sana'a wane kifi ne ya taɓa korar su da gudu, mafi yawa ba shak za su ambata ba. Kifin tiriga za su ce, babban nau'insa mai launin rawaya da kore, wanda tsawonsa bai wuce santimita 75 ba. Haƙoransa na fasa murjani da ƙwanso ne. A lokacin ƙwai yana haƙa gurbi a cikin yashi ya tsare, kuma duk wanda ya gifta sai ya far masa, ba ruwansa da girma. Za ka ga ya ɗaga ƙayar bayansa, ya karkata gefe yana hararar ka, sai kuma ya taho a guje. An fi yarda cewa yankin da yake karewa yana ƙara faɗi ne yayin da ake yin sama, don haka mai gudu sama bai fita ba tukuna. Gefe za ka yi, a kwance, fuskarka na kallonsa, takalman iyonka a tsakaninku. Gara ya ciji roba. Sai kuma kifin more mai kama da maciji, wanda ke zaune a ramukan dutse. Idonsa ba shi da ƙarfi, kuma ba ya fitowa neman kowa. Mai cusa hannu a rami shi yake samu, in ya kama kuwa sakinsa da wuya.

Amma abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne ka ce hankalinka bai kwanta ba. Sabon mai nutso da ya firgita abu ɗaya yake yi: ya riƙe numfashi ya harba sama. Iskar da ka shaƙa a zurfin mita 10 tana ninka girmanta kafin ka iso sama, in ka riƙe ta tana iya fasa huhu. Ga kuma naitirojin, wani ɓangare na iskar da kake shaƙa, da ya shiga jini, wanda ke zama kumfa idan aka taso da gaggawa, ya kawo ciwon gaɓɓai ko shanyewar jiki. Wannan ya fi kowane haƙori kai masu nutso asibiti. Ko me ka gani, ka ci gaba da numfashi, kada tasowarka ta wuce mita 18 a minti ɗaya (na'urorin nutso na yanzu da ake ɗaurawa a hannu ma kusan rabin haka suke so), ka kuma tsaya minti 3 a zurfin mita 5. In barakuda ya zo ya tsaya kusa da kai a wurin, ka bar shi ya yi kallonsa.

Inda barakuda ya fi cutar da mutane a kan faranti ne. A wasu tekuna masu ɗumi, musamman yankin Karibiyan da tekun Fasifik da na Indiya, akwai wata ƙwayar halitta da ke manne wa ciyawar murjani tana samar da dafin da ke jawo cutar da ake kira siguwatera. Ƙananan kifi su ci, manya su ci ƙanana, dafin ya taru a jikin babba. Ba ya wari, ba ya sauya ɗanɗano, kuma dafuwa ko suya ko banda ba sa kashe shi. Bayan 'yan sa'o'i sai amai da gudawa, leɓɓa da yatsu su riƙa dindiris, abu mai sanyi mutum ya taɓa ya ji kamar yana ƙona shi. In an kawo maka ƙaton barakuda da aka kama a kan murjani, ka ce na gode ka zaɓi wani kifin, musamman ka nisanci hanta da kayan ciki da ƙwai. Wanda kuma ya ci ya ji waɗannan alamu, ya tafi asibiti ya faɗa wa likita ainihin kifin da ya ci da kuma lokacin.